Darasi na Bakwai: Yadda Allon Daɓen Bene Mara Nauyi Yake Jure Lanƙwasa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin da ake zuba dekin ya san irin wahalar da ke cikin aikin. Tun da sassafe leburori ke hawa da sauka da kwanon kankare a ka, birkila yana baza shi a kan rodi, ƙasa kuma cike da katakon tokara da za a bari makonni kafin a cire. Abin da ba kowa yake lissafawa ba shi ne nauyin abin da aka zuba. Kankare mai rodi yana da nauyin kilo 2,400 ko sama da haka kaɗan a kowace kubik mita. Dekin mai kaurin santimita 15 ke nan yana da kilo 360 a kowane murabba'in mita. A ɗaki mai mita 4 tsawo da mita 4 faɗi, wannan ya kai kilo 5,760, tun ba a shigar da ko tabarma ba.

To, nawa ne nauyin da aka zuba dekin ɗin domin ya ɗauka? Ƙa'idojin gini na Birtaniya da na Turai, waɗanda injiniyoyinmu suka fi aiki da su, suna ƙiyasta wa ɗakin kwana kilo 150 zuwa 200 a kowane murabba'in mita: mutane, gado, kujeru, akwatuna. Ashe mafi yawan ƙarfin dekin a ɗaukar kansa yake ƙarewa. Kuma duk wannan nauyi yana sauka kan bim, daga bim zuwa ginshiƙi, daga ginshiƙi zuwa harsashi, kowanne sai an ƙara masa kauri da rodi.

Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro allunan daɓe marasa nauyi, waɗanda ake haɗawa a masana'anta daga abubuwa iri biyu ko fiye, a kawo su wurin gini a jera a kan bim. Tambayar da kowane magini zai yi, kuma yana da gaskiya, ita ce: abin da mutum biyu za su iya ɗagawa da hannu, yaya zai ɗauki iyali guda ba tare da ya karye ba?

Abin da ke faruwa a cikin allo

Ku samo guntun soson katifa, tsawon kamu biyu, mai ɗan kauri. A gefensa ku ja layuka a tsaye da biro, tazararsu ɗaya, kamar faɗin yatsa biyu. Ku ɗora bakinsa biyu a kan bulo biyu, ku danna tsakiyar da hannu, sannan ku duƙa ku dubi layukan. A sama sun matso kusa da juna. A ƙasa sun buɗe. A daidai rabin kaurin soson kuwa, tazararsu tana nan yadda kuka ja ta.

Abin da kuka gani shi ne tushen darasin nan gaba ɗaya. Duk abin da aka ɗora tsakanin madogara biyu aka aza masa kaya, samansa yana shan matsi, ƙasansa yana shan ja, tsakiyarsa kuma ba ta shan ko ɗaya. Iya nisan wuri daga tsakiya, iya wahalar da yake sha. Shi ya sa ake sa rodin dekin a ƙasa: kankare gwani ne wajen jure matsi, amma ƙarfinsa wajen ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, sai ƙarfe ya karɓar masa. Shi ya sa kuma a barandar da ta fito waje ba ginshiƙi a bakinta ake mayar da rodin sama, domin a can lanƙwasar ta juya, sama ne ke shan ja. Magini ya riƙe wannan da kyau, rayuka sun salwanta a kansa.

Ilimin bai zo wa mutane a rana ɗaya ba. Galileo, masanin nan na Italiya, ya yi nazarin katakon da aka kafe a bango aka rataya masa nauyi, a littafin da ya fitar a 1638. Ya gano cewa kaurin katako ya fi faɗinsa tasiri, amma ya ɗauka duk jikin katakon ja yake sha. Sai bayan kusan shekara ɗari biyu, a 1826, Navier na Faransa ya fitar da lissafin a sigar da ake koyarwa yau.

Fata biyu da ciko

Tunda tsakiya ba ta shan matsi ko ja, me ya sa za a cika ta da abu mai nauyi da tsada? Daga wannan tambaya allon ya samo asali. A sa abu mai ƙarfi, siriri, a sama da ƙasa: waɗannan su ne fata. A cika tsakani da abu mara nauyi: wannan shi ne ciko. Manomi ya san wannan tsari a jikin karan dawa, ɓawo mai tauri a waje, totuwa mai laushi a ciki, ga shi ba nauyi amma yana tsaye da zangarniya a cikin iskar damina.

Fatar tana iya zama ƙarfe siriri, ko alminiyam, ko fale-falen katako da aka manne, ko allon siminti mai zare a ciki, ko zaren gilashi da aka daskarar da gam, ko ma siririn kankare mai ragar waya. Ciko kuma yakan zama farin soson nan da ake tallafe sabon firiji da shi a cikin kwali, ko wani soso mai tauri, ko itace mara nauyi, ko takarda ko alminiyam da aka saƙa gida-gida irin na saƙar zuma. Kafinta da ya taɓa yanka ƙofar ɗaki ta kanti, wadda ba ta da nauyi, ya ga irin wannan saƙa a cikinta. Kuma dabarar ba sabuwa ba ce. Jirgin yaƙin nan na Ingila mai suna Mosquito, wanda kamfanin de Havilland ya ƙera ya fara tashi a 1940, gangar jikinsa itacen balsa ne mara nauyi a tsakanin fale-falen katako biyu. A Amurka an fara gwada alluna masu fata biyu a ginin gidaje tun shekarun 1930.

Yanzu ga lissafin da ke nuna ribar. Ku ɗauki allo mai kaurin milimita 20. A raba shi biyu, kowace fata milimita 10, a sa ciko mai milimita 20 a tsakani, kauri ya zama 40. Kayan fatar ba su ƙaru ba, nauyi bai ƙaru ba sai ɗan na ciko. Amma taurinsa, wato ƙin lotsawa, ya ninka sau 7, ƙarfinsa kafin ya karye ya ninka sau 3 da rabi. A mayar da cikon milimita 60, kauri ya zama 80: tauri ya ninka sau 37, ƙarfi ya ninka sau 9 da ɗoriya. Ba a ƙara komai ba sai nisa tsakanin fata da fata.

Ku lura da kalmomin nan biyu, domin ba abu ɗaya ba ne. Ƙarfi shi ne yawan kayan da allo zai ɗauka kafin ya karye. Tauri shi ne ƙanƙantar lotsawar da zai yi a ƙarƙashin kaya. Allo yana iya zama da ƙarfin da ba zai karye ba, amma ya lotsa har tayil ya tsage, ƙofar ƙasa ta daina rufuwa. A alluna marasa nauyi, sau da yawa lotsawa ce take fara kai wa iyaka kafin a zo maganar karyewa.

Aikin ciko da aikin gam

Akwai sharaɗi a kan lissafin da ya gabata, kuma a nan nake so mu daɗe, domin a nan ne ake yawan samun matsala.

Ku ɗora falanki biyu iri ɗaya, ɗaya a kan ɗaya, tsakanin bulo biyu, bakinsu a daidaite. Mutum ya hau tsakiya. Ku dubi bakin falankan: na sama ya zarce na ƙasa kaɗan, sun zame wa juna. Kowanne yana lanƙwasa shi kaɗai, da nasa matsi a sama da nasa ja a ƙasa. Taurinsu biyu ya ninka na falanki ɗaya sau 2 kawai. Yanzu ku buga musu ƙusa kusa-kusa daga wannan baki zuwa wancan, ko ku manne su da gam mai kyau, a sake hawa. Idan haɗin ya kama sosai har ba sa zamewa, sun zama katako ɗaya mai ninkin kauri, taurinsu ya doshi ninki 8, ƙarfinsu ninki 4. Falankan su ne dai na ɗazu. Abin da ya canza shi ne an hana su zamewa.

Wannan hana zamewa shi ne aikin ciko da gam ɗin da ya haɗa shi da fata. Ciko ba ya ɗaukar matsi ko ja na a zo a gani, amma shi ne yake riƙe fatun nesa da juna, shi ne yake tilasta musu aiki tare, shi ne kuma yake tallafe siririyar fatar sama kada ta tattare. Ƙarfin zamewar nan ba a tsakiyar allo ya fi yawa ba, a kusa da madogara ne, inda allon ya zauna a kan bim. Saboda haka allo yana da wuraren haɗari iri biyu: tsakiyar tazara ga fata, bakin madogara ga ciko da gam. Ranar da gam ya saki, allo mai taurin ninki 37 ya koma siraran falle biyu da soso a tsakani, kuma daga waje ido ba zai ga bambanci ba.

A ra'ayina, wannan ne babban dalilin da ya sa bai kamata a riƙa haɗa irin waɗannan alluna a bakin titi da gam ɗin kafinta ba, ko da kayan duka suna samuwa a kasuwa. A masana'anta ana auna yawan gam, da zafi, da matsi, da tsawon lokacin da zai kama. Allon bango ko silin idan ya saki, asara ce ta kuɗi. Allon daɓe mutane ne a kansa, mutane ne kuma a ƙarƙashinsa.

Tazara

Maginanmu na gargajiya sun san hukuncin tazara tun kafin a rubuta shi da lambobi. Azarar giginya, duk ƙarfinta da ƙin cin gara, ba a tsallaka fiye da kimanin ƙafa shida da ita idan za a ɗora mata ƙasar rufi. In ana son ɗaki mai faɗi, sai a riƙa fito da azara daga bango hawa-hawa don a rage tazarar, ko a ɗaure baka, kamar yadda maginin nan Babban Gwani ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Ga hukuncin a lissafi. Idan kaya ya bazu daidai a kan allo, ƙarfin lanƙwasa a tsakiya shi ne nauyin kowace mita, sau tazara, sau tazara kuma, a raba da 8. Mu ɗauki misali: allo mai faɗin mita 1, tazara mita 3, nauyin kansa da tayil da mutane duka kilo 250 a kowace mita. 250 sau 3 sau 3, a raba da 8, ya ba mu kusan 281. Don a san abin da kowace fata take sha, sai a raba wannan da nisan da ke tsakanin fatun. In nisan santimita 14 ne, wato mita 0.14, amsar kusan kilo 2,000 ce: tan biyu na matsi a sama, tan biyu na ja a ƙasa. In aka rage nisan zuwa santimita 7, kowace fata za ta sha tan huɗu.

Yanzu a ce mai gida ya ce a cire bangon tsakiya don falo ya yi faɗi, tazara ta koma mita 6. Kayan da ke kan kowace mita bai canza ba. Amma 250 sau 6 sau 6, a raba da 8, ya zama 1,125, kowace fata tana shan tan takwas. Ninka tazara sau 2 yana ninka lanƙwasa sau 4. Lotsawa kuwa ta fi haka muni, sau 16 take ninkuwa. Ƙa'idar Turai ta kankare tana son kada lotsawa ta wuce tazara a raba da 250, wato milimita 12 a mita 3. Allon da ya lotsa milimita 10 a mita 3, lissafi ya nuna zai lotsa 160 a mita 6, in ma bai karye ba kafin nan.

Yadda ake gwadawa

A ɗakin gwaji ana ɗora allo a kan sandunan ƙarfe biyu masu mirginawa, ɗaya a kowane baki. Daga sama jak yana danna wani bim, bim ɗin yana raba nauyin zuwa layi biyu a kan allon. An fi son layi biyu a kan layi ɗaya domin a tsakaninsu lanƙwasa ce zalla, ba zamewa. A ƙarƙashin tsakiya akwai ɗan agogo mai allura da ke nuna lotsawa har kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Ana ƙara nauyi sannu a hankali, ana rubuta kaya da lotsawa. Da farko suna tafiya tare: a ninka kaya, lotsawa ta ninka; a sauke, allura ta koma inda ta taso. Daga wani wuri sai allura ta fara gudu fiye da kayan da ake ƙarawa, a fara jin ƙara daga cikin allon, sannan ya ba da kai. Hukumar ƙa'idojin gwaji ta Amurka, ASTM, tana da gwaji mai lamba C393 da gajeren allo don auna ciko, da D7249 da dogon allo don auna fata.

Yadda allo ya karye yana da muhimmanci kamar nauyin da ya karya shi. Wani fatar ƙasa ce ke tsagewa a tsakiya. Wani fatar sama ce ke tattarewa ta yi ƙunci, musamman in ƙarfe ne siriri a kan ciko mai laushi, kuma wannan yakan faru farat ɗaya tun ƙarfen bai kai ƙarshen ƙarfinsa ba. Wani cikon ne ke tsagewa a karkace kusa da madogara. Wani fatar ce ke ɓantarewa daga ciko. Akwai kuma lotsawar wuri ɗaya, inda ƙafar gado ko ta injin ɗinki take nutsewa ta murƙushe cikon da ke ƙarƙashinta, alhali sauran allon lafiya lau. Injiniya ya fi son allon da yake lotsawa sosai a gan shi kafin ya karye, domin yana ba mutane damar fita.

Abin da gwajin rana ɗaya ba ya nunawa

Soso da katako da gam duk suna ci gaba da lotsawa a hankali in an bar musu kaya na shekaru, kuma zafi yana hanzarta hakan. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da zafin bazara yake wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Ruwa yana kumbura fatar katako, yana sa ƙarfe tsatsa, yana raunana gam, don haka daɓen banɗaki da na kicin suna buƙatar kariya ta musamman. Gara ba ta cin soso a matsayin abinci, amma tana haƙa hanya a cikinsa.

Birtaniya ta ga sakamakon sakaci da wannan. Daga shekarun 1950 zuwa na 1990 an yi amfani da allunan wani kankare mai kumfa, mara nauyi, mai rodi a ciki, a makarantu da asibitoci, galibi a rufi, wani lokaci a daɓe. Da shekaru suka ja, wasu suka lotsa, ruwa ya shiga, aka kuma tarar a wasu wurare allon bai zauna sosai a kan madogara ba, ko rodin bai kai bakin ba. A 2018 rufin wata makarantar firamare a yankin Kent ya rufto. A ƙarshen watan Agusta na 2023, ana dab da komawa karatu, gwamnati ta umarci makarantu fiye da 100 a Ingila su rufe gine-ginen da ke da irin allon.

Wuta ma abin dubawa ce. Farin soso yana fara laushi tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba, kuma da ciko ya yi laushi ƙarfin allo ya tafi. Gobarar benen Grenfell a Landan, a watan Yuni na 2017, ta kashe mutum 72, kuma allunan alminiyam masu cikon roba da aka lulluɓe bangon waje da su ne suka yaɗa wutar. Ba allunan daɓe ba ne, amma tsarinsu ɗaya. Dole a rufe ƙasan allon daɓe da abin da ke jure wuta.

Sai rawa. Daɓe mara nauyi yana iya girgiza in ana tafiya a kai, ko da ƙarfinsa ya isa, har mazauna su kasa sakin jiki. A garin Brumunddal na ƙasar Norwe an kammala benen katako mai hawa 18 a 2019, amma a hawan sama sai da aka koma daɓen kankare da gangan, don nauyinsa ya rage kaɗawar ginin a cikin iska.

A wurin aiki

Wanda za a kawo wa irin wannan allo ya nemi takardar masana'anta da ke nuna tazarar da aka yarda da ita da nauyin da zai ɗauka a wannan tazara, kuma injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN, ko takwararta a ƙasar da ake ginin, ya duba ya sa hannu. Wasu allunan suna da sama da ƙasa, wasu ƙarfinsu ta tsawo ne kawai, kada a juya su. A tabbata kowane baki ya hau madogara iya zurfin da takarda ta faɗa. Kada mai aikin famfo ko na lantarki ya tsaga fata don ya binne bututu: tsaga fatar ƙasa daidai yake da yanke rodin dekin.

A kuma gaya wa mai gida gaskiya game da kaya. Duro ɗaya na ruwa, lita 200, kilo 200 ne a kan wurin da bai wuce rubu'in murabba'in mita ba sai kaɗan. Tankin lita 1,000 tan guda ne. Buhun masara biyar da aka jibga a kan juna sun kai rabin tan. Ɗakin da aka lissafa don kwana ba sito ba ne, in kuma za a mayar da shi sito, sai a koma wurin injiniya.

Aikin gida

Allo mai faɗin mita 1 yana ɗauke da kilo 300 a kowace mita, tazararsa mita 4, nisan fatunsa santimita 15. Ku lissafa ƙarfin lanƙwasa a tsakiya, da abin da kowace fata take sha, da iyakar lotsawar da ƙa'ida ta yarda da ita. Sannan ku sake lissafin in an sa bim a tsakiya, aka jera gajerun alluna masu tazarar mita 2.

Ku kuma yanko kwali guda biyu masu tsawo ɗaya daga katan, ɗaya ramukan cikinsa suna bin tsawonsa, ɗaya suna gicciye. Ku ɗora kowanne tsakanin bulo biyu, ku riƙa aza masa ƙananan duwatsu har ya ba da kai. Ku yanko na uku, ku jiƙa shi da ruwa ku gwada shi. Ku zo aji da guntayen, kowa ya nuna inda nasa ya fara lalacewa: a fata, a ciko, ko a wurin manne.